Yarinyar da na rufe wa ƙofa

Duk lokacin da aka haɗu a gidan suna ko biki a unguwarmu Aboabo da ke Kumasi a Ghana, ba na rasa yarinya ɗaya ko biyu da za su matso kusa da ni, su rage murya su ce, "Hajiya, yaya aka yi kika kai nan?" Suna nufin kujerar shugabancin da nake kai a kamfaninmu. Amsar da nake ba su ba ta wuce "Allah ne, sai haƙuri." Gaskiya ce, amma ba ita ke nan ba. Akwai sauran magana da na daɗe ina riƙe da ita a ciki, har da wadda ba ta yi mini daɗin faɗa, kuma na ga gara in zauna in rubuta ta, ko Allah zai sa wata ta amfana.

A Aboabo aka haife ni a 1980, a gidan haya mai ɗakuna goma sha biyu da famfo ɗaya. Baba direban babbar mota ne, yana kai goro da katako Bawku, ya dawo da albasa da wake. Sai mu yi mako biyu ba mu sa shi a ido ba. Mma ce ke riƙe da gida, da tukunyarta ta waakye, wato shinkafa da wake na sayarwa. Ƙarfe uku na dare take tashi. Ni ce mai wanke karan dafi, in jiƙa shi da 'yar kanwa har ruwan ya yi jajur, ita kuma tana tsince wake a faifai a hasken fitilar ƙwai. Kafin a kira assalatu shinkafa ta nuna, an ɗumama shito, wato soyayyen yaji, an dafa ƙwai da taliya da ganda, an goge ganyen da za a naɗe wa masu saye. Ƙarfe goma ba ta yi sai an kankare gindin tukunya.

Abin da ke biyo bayan wannan shi ya fi zauna mini a rai. Mma za ta shimfiɗa tabarma, ta kwance bakin zaninta, ta zube cinikin ranar, sannan ta jawo gwangwanayen Milo guda uku daga ƙarƙashin gado. Na farko na uwar kuɗi ne, abin da za a sayi shinkafa da wake da itacen gobe. Na biyu na adashi, don mai karɓar susu yana zagayowa da la'asar da ɗan katinsa. Na uku na cefane da sabulu da kuɗin makarantarmu. Ko rasuwa aka yi, ko haihuwa, ba a taɓa gwangwanin farko. Masu cin bashi kuwa, 'yan dako da yaran makanikai, a jikin bango take musu zane da gawayi, kowa da layinsa, kuma ban taɓa ganin ta rikita na wani da na wani ba. Mma ba ta taɓa shiga ajin boko ba. Amma bayan shekaru, da malami ya tsaya gaban allo yana mana bayanin jari da riba da kuɗin gudanarwa, gwangwanayen nan na dinga gani a idona.

Da na gama JSS, wato ƙaramar sakandare, Baffana ya zo da maganar aure. A lokacin sakandare ba kyauta ba ce, sai a 2017 aka fara wannan tsarin, kuma ga ƙannena maza uku a baya. Baba ya yi shiru, don ba ya ja da yayansa. Mma ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, a bar mini ita shekara uku. In ta lalace, ni za a tuhuma." Kwasar adashinta ta wannan shekarar gaba ɗaya a kuɗin makarantata ta tafi. Shekara uku ta zama shida, don daga sakandare na wuce kwalejin fasaha ta Kumasi, wadda yanzu ta zama jami'a, na karanci aikin akanta. Na gama bautar ƙasa a 2004.

Shekara guda cur na yi ina yawo da ambulan ina neman aiki. Akwai wata intabiyu da har yau nake tuna launin labulen ɗakin. Maza uku ne a bayan tebur. Na tsakiyar ya duba takardata, ya ɗago ya ce, "Aboabo? Ke 'yar Zango ce?" Na ce e. Sai ya karkata ya faɗa wa na kusa da shi wata magana da Twi, yaren Asantawa, a kan rigimar mutanen Zango, yana zaton ba na ji, ni da aka haifa a Kumasi na tashi ina ciniki da Twi tun ban kai tsawon teburin Mma ba. Daga nan ya tambaye ni ko zan cire mayafi in an ɗauke ni, wai saboda abokan hulɗa. Na ce ba zan cire ba. Ba su sake nemana ba. Ban san a lokacin ba cewa sashe na 17 na tsarin mulkin 1992 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda jinsinsa ko ƙabilarsa ko addininsa. Ko da na sani ma, wa zan kai wa ƙara, da wane kuɗi? Wata ƙawata ce ta ba ni aron lambar akwatin gidan wayarsu na Adum da ke tsakiyar gari, na daina rubuta Aboabo. Sai aka fara kirana.

A 2005 na samu aiki a wani kamfanin sari, masu rarraba sabulu da man girki da madara da tumatirin gwangwani. Hedikwata tana Accra, babban sito yana Kumasi, daga nan ake lodi zuwa Techiman da Tamale da Bolgatanga da Wa. Ni ce ƙaramar akawu a sashen kuɗi, mai shigar da rasit.

A watan Yulin 2007 aka canza kuɗi, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya. Masu sayen kayanmu suka rikice, wasu suka daina biya don tsoron a cuce su a lissafi. Manaja ya tambaya wa ke jin Hausa da Twi da zai shiga babbar kasuwa ya yi musu bayani, aka nuna ni. Mako uku na yi ina bin rumfa rumfa da littafin bashi a hammata. A nan idona ya buɗe. Sunayen da nake shigarwa kullum a kwamfuta, ashe kusan dukkansu mata ne. Mata masu juya kuɗin da ya ninka albashin manajanmu, ko wane layi da sarauniyarsa, ta doya daban, ta tumatir daban, kuma in sarauniya ta yanke magana ta zauna. Wata dattijuwa mai sarin sabulu ta sa aka kawo mini benci da ruwan sanyi, ta ƙare mini kallo ta ce, "'Yata, shekara goma ina sayen kayanku, yau na fara ganin mace daga ofishinku." Ita ta fahimtar da ni abin da ke jawo jinkirin biya. Mu muna jiran ƙarshen wata mu nemi kuɗi a dunƙule, su kuwa kuɗinsu ba ya kwana, yau ya shigo gobe ya koma kaya. In ana so a biya, a zo ko wane mako a karɓi kaɗan kaɗan, kamar mai susu.

Na zauna na rubuta wannan da hannuna, shafi huɗu, na miƙa wa manaja. Aka gwada, bashin da ya maƙale ya fara dawowa. A taron ƙarshen shekara a Accra aka yaba wa reshen Kumasi, aka ƙara wa manaja girma. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba. Na haɗiye, na ce wa kaina ai sannu ba ta hana zuwa.

Na yi aure a 2008, na haifi ɗana na fari a 2010. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba mai jego hutun mako goma sha biyu da albashinta, ta kuma ba ta awa ɗaya a cikin lokacin aiki don ta shayar da jaririnta. Mako goma sha biyu bai cika wata uku ba, alhali a asibiti ana ta jaddada mana nono zalla har wata shida. Awa ɗayar kuma, daga ofishinmu zuwa gida a trotro, motar haya, a hanya za ta ƙare. Sai ƙanwata ta riƙa goyo shi tana kawo mini da azahar. In zagaya bayan sito, in zauna a kan katan ɗin sabulu, in ja mayafi in rufe mu, leburori na wucewa da kaya a ka suna kawar da ido. Warin sabulun nan har yau in na ji shi sai gabana ya faɗi.

Wata biyu da dawowata aka ba wani yaro muƙamin mataimakin akanta. Ni na koya masa yadda ake daidaita littafin banki da na ofis. Ba a tallata gurbin ba, a allon sanarwa na gani kamar kowa. Na shiga wurin sabon manaja, mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kan halinsa. Ya ce, "Tausaya miki muka yi. Ga goyo, ga miji, aikin kuma akwai zuwa Tamale da Wa. Ba mu so mu ɗora miki nauyi ba." Na ce, "Yallaɓai, an tambaye ni?" Ya yi shiru.

Sashe na 27 na tsarin mulki ya ce mata suna da haƙƙi daidai da maza wajen samun horo da ƙarin girma, ba tare da wani ya gindaya musu shinge ba. To amma shingen da aka yi da tausayi ya fi ko wanne wuyar turewa. Wanda ya zage ki kin san da wa kike faɗa. Wanda ya yanke miki hukunci don yana jin ƙanki, har godiya yake jira.

Daga baya na gano inda aka yanke maganar. Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san Asabar ranar jana'iza ce a wurin Asantawa: rumfuna, baƙaƙen kaya da jajaye, dogon layin gaisuwa, mai lasifika yana shelanta gudummawar kowa. Manajojinmu a mota ɗaya suke tafiya irin wannan taro, wani lokaci tafiyar awa biyu, kuma yaron nan shi ke tuƙa su. A cikin motar ake hirar wa ya iya aiki, wa za a tura kwas, wane gurbi zai buɗe. Abin da ya rage a ƙarasa shi ranar Juma'a da yamma a mashaya. Ni kuwa Asabar ranar wanki ce da islamiyya. Ba wanda ya hana ni zuwa, kuma ba wanda ya taɓa gayyatata.

Sai na sa wa raina jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAG, don a samu abin da ba za a iya kawar da kai daga gare shi ba. Lokacin ya zo daidai da dumsor, wuta ta zo yau ta ɗauke gobe. Maigidana malamin makaranta ne, albashinsa bai kai nawa ba, kuma bai taɓa bari wannan ya zama magana a tsakaninmu ba. Shi ya sayo mini fitilar caji, shi ke kwantar da yara in na buɗe littafi bayan isha'i. Ranar da surukata ta ce, "Wai wannan karatun ba ya ƙarewa ne?" kafin in buɗe baki ya ce, "Mma, ni na ce ta yi." Akwai takarda ɗaya da na faɗi sau biyu. Na gama a 2014, da cikin 'yata ta uku.

Amma ba takardar ce ta buɗe mini ƙofa ba, ko da yake ba don ita ba da ba a bar ni na shiga ba. Mutum ce ta buɗe. Shugabar sashen binciken kuɗi ce daga Accra, Ba'asantiya, 'yar cocin Methodist, ta kusa sa'ar Mma. Tana bincike a tsofaffin fayil ta ci karo da shafi huɗun nan na 2007, ta fito da su tsakiyar ofis ta ce, "Rubutun wane ne wannan?" Daga ranar ta zama uwar ɗakina. Ta ce mini, "'Yata, aikinki yana da kyau, amma aiki ba shi da baki. Sai wani ya ambaci sunanki a ɗakin da ba kya ciki." Kuma ta ambata, ba sau ɗaya ba. Ita ta rufe ƙofar ofis ta gaya mini abin da ake biyan maza biyu da muke mataki ɗaya da su, na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi, ta sa na rubuta takardar neman a daidaita, ta gyara mini ita da jan biro. Ita ta fara ɗaukata zuwa jana'iza. Ta ce in sa baƙin mayafina, in bi layi in gaisa, in ba da gudummawata a rubuta sunana, in an fara shaye-shaye in yi sallama in tafi. Na yi hakan, addinina bai ragu da komai ba, kuma mutanen da shekara tara suna wuce teburina suka fara sanin sunana.

A shekarun ne aka fara ganin mata a saman manyan kamfanoni. Patience Akyianu ta karɓi ragamar bankin Barclays na Ghana a 2013, a 2014 Lucy Quist ta zama shugabar Airtel ta Ghana, Abiola Bawuah kuma ta bankin UBA na Ghana. Ina yanke hotunansu daga jarida in kai wa Mma ta gani. A 2015 aka ba ni manajar kuɗi ta reshen Kumasi. Uwar ɗakina ta yi ritaya a 2018. A farkon 2019 aka ba ni shugabancin shiyyar Kumasi da Arewa gaba ɗaya, da kujera a kwamitin gudanarwa da ke zama a Accra duk wata. Mu tara ne. Ni kaɗai ce mace, ni kaɗai ce Musulma.

Zaman mutum shi kaɗai a irin wannan tebur yana da wani nauyi da ban zata ba. In wata ma'aikaciya ta makara, ko wani direba Musulmi ya tsaya sallar Juma'a da kaya a mota, sai idanu su juyo kaina, wani ya ce, "Hajiya, mutanenki." Na shiga taka tsantsan da komai. Na fi kowa tsanani a kan mata, na fi kowa tsanani a kan 'yan Zango, don kada a ce na fara cika ofis da dangi.

A ƙarshen shekarar nan muka nemi akawu. Wannan shekarar ce mata Musulmi suka fito kan titi suna neman a daina tilasta wa ɗalibai da ma'aikatan jinya cire hijabi, kuma da zuciya ɗaya na goyi bayansu. Mutum biyar suka kai matakin intabiyu. Wadda ta fi kowa maki a jarrabawar rubutu wata yarinya ce daga unguwar Sawaba, 'yar Zango kamar ni. Ta shigo da dogon hijabi ruwan toka, ta yi sallama, da ta gan ni sai fuskarta ta washe. Ba tambayar da ta kakare mata. Na ba ta wani lissafi mai tarko a ciki, ta gano tarkon, har ta nuna mini wata gajeriyar hanya. Da ta miƙe za ta fita, hijabin ya kwanta a jikinta, muka ga ciki, zai kai wata biyar.

Ƙofa ta rufe. Maza biyun da muke tare ba wanda ya ce uffan, ni suke kallo. Da na ce a ɗauke ta, da an ɗauke ta. Bakina ne ya ce, "Yarinyar tana da ƙoƙari, amma daidai lokacin da odita za su zo za ta haihu. A bari sai wani karon." Suka gyaɗa kai, muka ɗauki wanda ya zo na biyu.

Na daɗe ina bincikar zuciyata a kan wannan rana. Tsoro yana ciki, tsoron a ce 'yar Zango ta ɗauko 'yar Zango, ga shi kuma za ta tafi hutun haihuwa. Amma akwai wani abu a ƙarƙashin tsoron da ya fi shi muni, kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya sai in faɗa. Wani sashe na zuciyata yana cewa ni a kan katan na shayar da ɗana, ba wanda ya sauƙaƙa mini, don me ita za ta samu a sama? Wuyar da na sha, maimakon ta sa in tausasa, sai na mai da ita kuɗin shiga da kowace mace za ta biya.

Magana ba ta kwana a Zango. Uwar yarinyar suna zuwa ta'alim ɗaya da Mma. Ranar wata Lahadi Mma ta aiko a kira ni. Ta tsufa a lokacin, ta bar tukunya, idonta ɗaya ya yi yana. Na gaishe ta, ba ta amsa da sakin fuska ba. Ta ce, "Zauna. An ce ke kika ce a bari." Na fara kawo bayanin odita da rufe littafin shekara. Ta ɗaga hannu. Ta ce, "Ranar da Baffanki ya zo gidan nan, da na ce a bari sai wani karon, yau kina ina?" Na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Da kuɗin waakye na kai ki can, ba don ki zama mai gadin ƙofa ba. Ki je ki nemi gafararta."

Ban je da wuri ba, kunya ta riƙe ni, sai kuma korona ta zo aka kulle Kumasi da Accra mako uku a 2020. Bayan an buɗe gari na neme ta. Na same ta a wata 'yar rumfar tura kuɗi ta waya kusa da tasha, jaririyarta tana barci a kan zani a ƙarƙashin kanta. Ta gane ni tun daga nesa. Ta ba ni kujerarta, ita ta tsaya. Na faɗi abin da ya kawo ni, ban yi kwana-kwana ba. Ta daɗe tana kallon titi, sannan ta ce, "Hajiya, da na shigo na gan ki da mayafi a kan teburin nan, sai da na ce alhamdu lillahi a zuciyata. Da wani ne ya faɗa, da ban yi kuka ba." Na ce akwai gurbi, ta zo ta fara ko gobe. Ta ce, "Na yafe miki har ga Allah. Amma ba zan iya zama a ƙarƙashinki ba." Na roƙa, ta ƙi. Har yau ba ta zo ba.

Daga wurinta na koma ofis na ɗauki biro. Na gane cewa in ni da na sha wannan ɗaci zan iya shayar da wata shi, to ba a kan kirkin mutum za a jingina lamarin ba, ko mutumin mace ce. Sai an rubuta shi ya zama ƙa'ida da za ta ɗaure kowa, har da ni. Na kai wa kwamiti takarda: duk gurbin da ya buɗe a manna shi a allo mako biyu kafin a cike shi, a cire hoto da adireshi daga takardun masu neman aiki kafin su iso hannun masu tantancewa, kowa ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a fara tattaunawa, kuma in za a tsallake wanda ya zo na ɗaya, a rubuta dalili a sa hannu. Wannan na ƙarshen shi aka fi ja da shi, kuma shi ya fi aiki, don akwai dalilan da baki ke iya faɗa amma hannu ba ya yarda ya rubuta su. Na roƙi a daina sa taro bayan ƙarfe biyar. A reshenmu na sa aka kwashe tsofaffin fayil daga wani ƙaramin ɗaki, aka yi masa fenti, aka sa fanka da katifa da kujeru biyu da ɗan firiji. Duk abin da aka kashe bai kai kuɗin tayoyin babbar mota ɗaya ba.

Da aka cire hoto da adireshi, ba mata kaɗai suka shigo ba. Yaran Arewa da ada ake tura su sito kai tsaye suka fara fitowa a sashen kuɗi da na talla. Wani saurayi da shan inna ta taɓa ya zo na ɗaya, ranar intabiyu sai da aka ɗauke shi a hannu aka hau da shi matakala, alhali dokar naƙasassu ta 2006 ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga shekara goma su gyara, wa'adin ya wuce tun 2016. Kunyar wannan rana ce ta sa muka sauko da ofishin kuɗi ƙasa. Ba duka na ci nasara ba. Na nemi a ƙara hutun haihuwa zuwa wata huɗu, sau biyu ana mayar mini da takardar. Har yanzu ba mu taɓa samun mace shugabar sito ba. A kwamiti mun zama mu biyu a cikin tara, kuma bambancin ɗaya da biyu ya fi yadda ake zato, don yanzu in na yi magana ba a ɗaukarta a matsayin ra'ayin dukkan matan duniya.

Ranar 30 ga Yulin 2024 majalisa ta amince da dokar daidaita damar mata da maza, bayan ta shafe fiye da shekara goma ana kai ta ana dawo da ita. Majalisar da ta amince da ita mata 40 ne kacal a cikin 275. Dokar tana son mata su kai kashi 30 cikin ɗari a wuraren yanke shawara zuwa 2026, su kai rabi zuwa 2030, kuma ta yi wa kamfanoni masu zaman kansu tanadin rangwamen haraji in sun bi. A 7 ga Janairun 2025 muka ga an rantsar da Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang mataimakiyar shugaban ƙasa, 'yata ta tsaya gaban talabijin ko ƙiftawa ba ta yi. Ina goyon bayan dokar nan ɗari bisa ɗari. Masu cewa za ta kashe cancanta, ina so su gaya mini wace jarrabawa ake rubutawa a cikin motar zuwa jana'iza. Damuwata ɗaya ce: doka kujerun sama take ƙirgawa. Abu ne mai sauƙi a ɗauki mata goma da suka fito daga manyan makarantu iri ɗaya da unguwanni iri ɗaya, a zaunar da kowacce a hukumomi biyar, a ce an cika adadi, alhali 'yar Sawaba da 'yar Nima da 'yar Bawku suna nan a bakin ƙofar farko da ambulan a hannu.

Mma ta rasu bara, Allah ya jiƙanta da rahama. Da aka zo rabon kayanta ban nemi zani ko sarƙa ba, gwangwanin farko na ɗauka, yana kan teburina ina zuba birona a ciki.

Yarinyar nan ta Sawaba yanzu rumfunanta uku, da yara biyu da ke mata aiki. In na wuce ta wajen tasha muna gaisawa, gaisuwar ba ta wuce sallama da tambayar yara. Watan jiya, cikin takardun masu neman yin bautar ƙasa a wurinmu, wata mai lamba goma sha bakwai ta fi kowa maki. Sai bayan an gama aka buɗe sunaye, na ga sunan mahaifinsu ɗaya. Ƙanwarta ce. Na tambaye ta ko yayarta ta san ta nemi nan. Ta ce, "Ita ta biya mini kuɗin mota, Hajiya." Farkon wata za ta fara, a sashen kuɗi.